Shehi da Kwalaben Atishawa

A layin da ke bayan katangar jami'a akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa, inda ake buga takardu da kwamfuta, a yi kwafi, a ɗinke wa ɗalibai kundin kammala karatu. Mai shagon, kowa Shehi yake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Hujjarsa ita ce duk faɗin jami'ar babu shehin malamin da ilimi ya bi ta hannunsa kamar yadda yake bi ta nasa. A nan kam bai yi ƙarya ba. Tun safe har yamma ilimin yana shiga injinsa ta dama ya fito ta hagu da ɗuminsa, sai dai bai taɓa tsayawa sun gaisa da mai shagon ba.

Shehi yana da ƙanwa, ita ce autar gidansu, don haka Auta suke ce mata, a jami'a kuwa Dakta. Ta yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje tana bin diddigin ƙwayoyin cutar da ke kama hanci da maƙogwaro da huhu. Mace ce marar yawan magana, wadda za ta iya zama a taron dangi daga farko har ƙarshe ba ta faɗi komai ba sai sannu da aiki. Babban abin da aka san ta da shi shi ne binciken da ta yi a kan yadda mura ke yaɗuwa a ɗakin da ba ya samun iska. Masana a ƙasashe masu nisa suna kafa hujja da aikinta, ita kuwa ko a gida ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Wata rana aka kawo wa Shehi aikin buga sanarwa. Jami'a za ta shirya lacca don karrama wata mai bincike, za a kuma ba ta lambar yabo. Sai da ya buga ya kai rabi sannan ya lura hoton ƙanwarsa ne. A ƙasan hoton an rubuta cewa an ambaci ayyukanta sau dubbai. Nan take ya kira ta a waya ya tambaye ta su wane ne suke ambatonta haka, kuma da alheri ne ko da sharri. Ta yi dariya ta bayyana masa cewa duk sa'ad da wani mai bincike ya dogara da aikinka, ya sa sunanka cikin manazarta a ƙarshen rubutunsa, to an ƙirga maka ambato guda, kuma da wannan ake auna tasirin masani. Don ta faranta masa rai, ta ƙara da cewa ai shi ma sunansa yana cikin maƙalarta ta farko, a wurin godiya, saboda shi ya ɗinke mata kundinta.

Wannan ƙarin bayanin shi ya jawo komai.

Da yamma Shehi ya fito bencin da ke tsakanin shagon mai aski da na tela, inda 'yan layin suke shan iska. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sanar da su cewa ashe duniya ta daɗe tana karanta sunansa bai sani ba. Ya ce yarinyar nan Auta shi ya koya mata riƙe fensir, shi ya fara nuna mata yadda ake fyace hanci, saboda haka in ana maganar binciken hanci, a fara daga tushe.

Mai aski, wanda yake goge almakashinsa, ya tambaye shi, “To kai sau nawa aka ambace ka?”

“Duk wanda ya ambace ta ai ya ambace ni.”

Tela ya ce shi dai da safe ya ji matar Shehi ta ambace shi har sau uku ta kan katanga, a kan bokitin da ya bari a tsakar gida. Aka yi dariya. Mai aski ya ƙara da cewa shi a saninsa wanda aka gode wa daban, wanda ya yi aikin daban, shi ma kullum ana yi masa godiya amma bai taɓa cewa kan nasa ne ba.

Shehi bai yi dariya ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce kafin ranar laccar nan za su ga wanda ake ambato a gidansu.

Da ya zauna ya yi nazari, sai ya ga abu biyu kawai yake bukata, bincike da ambato. Bincike yana cin lokaci, ambato kuwa a hannunsa yake, tunda rabin kundin ɗaliban jami'ar a kwamfutarsa ake buga shi. Don haka ya yanke shawarar fara tara ambaton, binciken ya biyo baya in an samu sarari. Ya ƙirƙiro wa littafin da bai rubuta ba suna mai nauyi, Sirrin Atishawa da Tasirinta ga Al'umma. Ya duba yadda masana suke rubuta sunayensu, sunan mahaifi a gaba, harafin farko na sunan mutum a baya, ya yi nasa haka. Bai tsaya ya lura ba cewa shi da Auta uba ɗaya ne, kuma harafi ɗaya ya fara sunayensu.

Daga ranar duk kundin da ya shigo shagon sai ya fita da ƙarin layi ɗaya a manazarta. Da farko yana zaɓar na ɗaliban kiwon lafiya. Da ya ga ba su da yawa, sai ya faɗaɗa. Wani ɗalibi ya rubuta kundi a kan kiwon awaki, ya fita da Sirrin Atishawa. Wata ta rubuta a kan ƙarfin siminti, ita ma ta samu rabonta. Masu lissafi, masu tarihi, masu nazarin shari'a, babu wanda Shehi ya nuna wa bambanci. Da hannunsa ya saba, har cikin rubutun yake kutsawa, ya ƙara jimla guda, wai kamar yadda fitaccen masanin nan ya tabbatar. Abin bai tsaya a jami'a ba. Tela ya ba shi aikin buga takardar tallan ɗinki, ya karɓo ya raba wa mutane, sai wata mata ta dawo tana tambayarsa ko littafin atishawar da aka rubuta a ƙasa kyauta ake bayarwa in an yi ɗinki kala biyu.

Ɗalibin awakin ne ya fara dawowa da kundinsa, malaminsa ya zagaye layin da jan biro ya sa alamar tambaya. Shehi ya karɓa ya duba, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce wa yaron kada ya damu, haka malamai suke in sun ga sunan wanda ya fi su. Ya gyara masa kyauta. Ya cire layin daga shafin ƙarshe ya mayar da shi tsakiya, inda jan biro ba ya saurin kaiwa.

Da ambato ya fara taruwa, sai Shehi ya waiwayi bincike. Ya taɓa leƙa ɗakin gwajin Auta sau ɗaya, ya kuma riƙe abin da ya gani: fararen riguna, ƙananan kwalabe, da firji. Ya sa tela ya ɗinka masa farar riga da ragowar yadin labule. Hannun rigar ya wuce yatsunsa, tela ya ce haka ake yi wa manyan masana don kada ƙwayar cuta ta ga hannunsu. Ya ari tabarau na mai walda, ya sayo tarin kwalaben turare da aka gama amfani da su. Sannan ya manna sanarwa a ƙofar shago cewa duk wanda ya ba da atishawa ɗaya za a yi masa kwafi kyauta.

Mutane suka zo, don kyauta ba ta rasa jama'a. Matsalar ita ce atishawa ba ta zuwa in an kira ta. Mutum zai tsaya da kwalba a bakin hanci, ya ɗaga kai, ya lumshe ido, ya buɗe baki, sai ta fasa. Shehi ya ce wannan ƙaramin al'amari ne ga mai ilimi. Ya aika aka sayo garin barkono, ya zuba a faranti, ya jera mutane, ya ce kowa ya shaƙa kaɗan. Ana cikin haka aka dawo da wuta, fankar da ya manta a kunne ta tashi da ƙarfinta. Garin ya tashi sama kamar hayaƙi. Kafin ka ce me, shagon ya cika da atishawa ta kowace kusurwa, ga Shehi a tsakiya da tabarau na walda, ba ya ganin komai, yana ta kai kwalba inda ya ji ƙara yana roƙon a yi ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka yi waje suna hawaye. Mai aski ya leƙo ya tambaya ko an yi rasuwa ne.

Da ƙura ta lafa, Shehi ya tattara ragowar barkonon ya ɗura a kwalba guda don kada a yi asara, ya ajiye ta cikin sauran kwalaben. Ya kuma sanar da benci cewa gwajin farko ya yi nasara fiye da yadda aka zata. Amma ya ce ya gano atishawar barkono ta jabu ce, ilimi na gaskiya yana wurin masu mura ta ainihi.

Sai ya koma tsayuwa a ƙofar kantin magani. Duk wanda ya fito yana jan hanci, Shehi zai tare shi da fara'a, ya yi masa sannu, ya ja shi zuwa shago. A can zai zaunar da shi a kan kujera, ya rufe ƙofa, ya rufe taga, ya toshe ƙasan ƙofar da tsumma don kada atishawar ta tsere kafin a kama ta. Sannan ya matso da fuskarsa dab da ta mutumin, wai yana lura da yadda take fitowa. In akwai masu jiran kwafi a ciki, sai ya ce su zauna su shaida tarihi. Tela da mai aski ma ya sha kiransu su zama shaidu. Maƙalar Auta ta farko, wadda ke gargaɗi a kan ɗaki marar iska, tana nan a kan kantar shagon, Shehi ya yi mata kwafi ya fi a ƙirga, har ya sa ta a firam saboda sunansa da ke shafin ƙarshe.

Saura wurin ajiya. Matar Shehi tana sana'ar ƙanƙara, tana da babbar firiza a zaure, kuma duk masu sayar da ruwan sanyi da lemo na unguwar a wurinta suke saye. Shehi ya jira ta fita unguwa, ya ɗaga ƙullin ƙanƙarar, ya jera kwalabensa a ƙasa, kowace da 'yar takarda manne: ta direba, mai ƙarfi, ta tsohuwa, guda biyu a haɗe, ta mai gadi, da tari.

Ba ita ta gano ba, da ita ce da abin ya zo da sauƙi. Wata mai sayar da lemo ce ta zura hannu tana zaɓar ƙanƙara, ta fito da kwalba, ta karanta a bayyane a gaban sauran masu saye. Kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa ƙanƙarar gidan Shehi da majina ake haɗa ta. Wasu suka ce shi ya sa take daɗewa ba ta narke ba.

Ya dawo cin abinci ya tarar da kwalaben a jere a bakin ƙofa, matarsa tana zaune a gefe ta naɗe hannu.

“Baban yara, mene ne wannan?”

“Bincike ne. Ba za ki gane ba.”

“Na gane. Tun safe ko ƙulli ɗaya ban sayar ba.”

Ya ce mata duk matan manyan masana sun sha irin wannan, kuma wata rana za a rubuta cewa a firizarta aka fara. Ta ce in aka rubuta haka, to a rubuta har da inda ya koma da kwana. Ta ba shi tsohuwar kula da ƙulli biyu na ƙanƙarar da ba mai saye, ta ce ya kwashe iliminsa ya fitar mata da shi daga gida. Shehi ya kwashe, yana faɗin cewa dama firizar ba ta kai matsayin aikin ba.

Kwana kaɗan bayan haka layin ya kamu da mura. Tela ya fara, ya yi atishawa yana tsakiyar yanka yadin wata mata, rigar ta koma siket. Mai aski ya biyo baya, ita kuwa tasa ta zo ne injin yana kan wani bawan Allah, ya buɗe masa hanya tun daga goshi har ƙeya. Mai kantin magani ne kaɗai yake gaida Shehi da fara'a. Benci ya koma wurin tari da fyace hanci, in an yi sallama sai a amsa ta hanci. Shi kansa Shehi idanunsa suka yi ja, muryarsa ta dushe, hancinsa yana zuba kamar famfon da ya lalace. Da aka ce masa mura ta kama shi, ya ce masani ba ya mura, binciken ne yake aiki a jikinsa.

A cikin jami'a kuwa wata wutar ce take ci, kuma Auta take ƙonawa. Malaman da ke duba kundin ɗalibai sun fara haɗuwa da littafi guda a sassa daban-daban. An nema a ɗakin karatu babu, an tambayi masu buga littattafai babu wanda ya san shi. Sunan da ke jiki kuwa, da sunan mahaifi da harafin, nata ne sak, ga shi kuma maganar atishawa ce. Sai aka fara raɗe-raɗin cewa Dakta tana tilasta wa ɗalibai su ambace ta don ta ƙara yawan ambatonta, har da littafin da babu shi. Shugaban kwamitin karramawa ya kira ta ofis. Ta ce ba ta taɓa jin littafin ba. Ya ce ya yarda da ita a matsayinsa na mutum, amma kwamiti ba mutum ba ne. Za a yi laccar tunda an riga an gayyaci baƙi, lambar yabon kuwa da sabon ɗakin gwajin da aka yi mata alkawari sai an gama bincike. Auta ta koma ɗakin gwajinta ta rufe ƙofa. Aikin shekaru ne ake shirin shafa wa baƙin fenti, kuma ba ta san ta inda abin ya ɓullo ba. Ba ta gaya wa kowa a gida ba, don ba halinta ba ne.

Labarin ya iso wa Shehi ta bakin wani malami da ya zo yin kwafi. Malamin ya ce ai duk jami'a maganar da ake yi ke nan, littafin atishawar nan na Dakta. Shehi ya tsayar da inji.

“Na wa?”

“Na Dakta mana, ƙanwarka.”

Sauran bayanin da malamin ya yi, na zargi da kwamiti, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnen Shehi ba. Abin da ya ji kawai shi ne littafinsa ya yi suna, kuma an ba wa wata. Ya fito benci yana huci, yana tari. Ya ce ya taɓa jin ana satar ilimi, amma bai zaci a cikin gida za a yi masa ba, yarinyar da ya goya. Mai aski ya ba shi shawara ya kira ta su yi magana a tsakaninsu. Shehi ya ce abin da aka yi a bainar jama'a, a bainar jama'a ake warware shi.

Ranar laccar babban ɗakin taro ya cika. An rufe tagogi an kunna na'urar sanyaya ɗaki, ga manyan fankoki biyu a gefen dandamali. Auta ta yi jawabinta a natse, ta nuna hotuna da zane-zane, aka tafa mata, amma tafin bai yi ƙarfi ba, don kowa ya san abin da ke tafe. Shugaban kwamiti ya miƙe ya gyara tabarau, ya yabi aikinta, sannan ya ce da takaici za a ɗage miƙa lambar har sai an warware wata tambaya game da wani littafi mai suna Sirrin Atishawa, wanda aka jingina mata.

Daga can baya aka ji wata dusasshiyar murya ta ce, “Ba nata ba ne.”

Kowa ya waiwaya. Shehi ne yake saukowa ta tsakiyar kujeru cikin farar rigar labule, tabarau na walda a goshi, kula a hannu tana ɗigar ruwa. A bayansa tela da mai aski, kowa da hankici, sun biyo shi ne don kada a ba su labari. Can bakin ƙofa matarsa ta tsaya ta jingina da bango. Auta ta dube shi, ta dubi kular, ta sa hannu ta dafe goshi.

Ya hau dandamali ba tare da an gayyace shi ba, ya karɓi makirufo daga hannun shugaban. Ya gabatar da kansa a matsayin marubucin littafin, kuma yayan wadda ake karramawa, wanda ya fi ta shekaru da kuma, in za a faɗi gaskiya, faɗin fage. Ya ce ita a sashe ɗaya ake ambatonta, shi kuwa babu sashen da bai shiga ba.

Shugaban ya nemi wani makirufon, ya tambaye shi a hankali yadda aka yi sunan ya shiga kundin ɗalibai.

“Ni na sa. Da hannuna. A shagona ake bugawa.”

“Da saninsu?”

“Ɗalibi ai ba ya sanin abin da zai amfane shi.”

“Dakta ta san da wannan?”

“Ina za ta sani? Da ta sani ai da ta hana, don kada in wuce ta.”

Wani gunaguni ya ratsa ɗakin. Shugaban ya dubi 'yan kwamitinsa, suka dube shi. Sannan ya tambaya ina littafin yake, a ba su su gani.

Shehi ya nuna ƙoƙon kansa da hannun rigar da ya rufe yatsunsa. “Yana nan. Bugawa ce ta rage, kuma injin nawa ne.”

“Wato an ambace shi kafin a rubuta shi.”

“Shi ya sa na ce muku ya fi nata. Ita sai da ta wahala ta rubuta sannan aka ambata.”

Wani tsohon malami daga sashen noma ya ɗaga hannu ya tambaya me ya haɗa atishawa da kiwon awaki. Shehi ya dube shi da mamaki ya ce, shekara nawa yana koyarwa bai taɓa jin akuya ta yi atishawa ba? Ɗakin ya fashe da dariya. Shehi ya ɗauka tafi ne ya zo da wata siga, ya ɗan rusuna, ya ce tunda sun nuna sha'awa zai nuna musu hujja.

Ya ɗora kular a kan teburin manyan baƙi ya buɗe. Ƙanƙarar ta daɗe da narkewa, kwalaben suna iyo, takardun jikinsu duk sun saɓule. Ya lalubo guda, ya ce in bai yi kuskure ba wannan ta direba ce, a yi shiru a saurara. Ya kai ta bakin makirufo ya cire murfin. Aka yi tsit. Babu abin da ya fito. Ya girgiza ta, ya kai kunne, ya ce wataƙila sanyi ne ya kwantar da ita. Ya buɗe ta biyu, ita ma shiru. Ya ce to bari ya ɗauko wadda ya san tana da nauyi. Ya zaro wata, ya buɗe, ya juya ta a gaban fanka yana bubbuga gindinta.

Ta barkonon ce.

Layin gaba ne ya fara, inda manyan baƙi suke. Daga nan abin ya bi kujeru yana hawa kamar ana raba shi. Shugabannin sassa, baƙi daga nesa, masu ɗaukar hoto, kowa ya kama hanci. Shehi ya ɗaga hannu cikin murna yana cewa ga ta nan, ta fito, su shaida. Yana cikin faɗin haka tasa ta taso, wadda ya kwana biyu yana tarawa. Ya ja baya, ya buɗe baki, ya sake ta gaba ɗaya cikin makirufo. Lasifikokin ɗakin suka yi wata ƙara da ta sa mai gadi ya shigo da gudu. Abin da makirufon bai ɗauka ba, tabaran shugaban kwamiti ya ɗauka.

Auta ce ta miƙe. Ta kashe fankokin, ta sa aka buɗe tagogi da ƙofofi, ta ce jama'a su fita fili a hankali, layin baya su fara. Ta buɗe jakarta ta ciro takunkumi, ta je har gaban yayanta ta ɗaura masa da hannunta.

“Yaya, rufe bakinka,” ta ce, a hankali yadda shi kaɗai zai ji. Makirufon dai yana kunne.

A ƙarƙashin bishiyoyin harabar aka miƙa mata lambar, shugaban yana ba ta haƙuri da jajayen idanu, yana tsayawa tsakanin jimla da jimla ya yi atishawa. Wannan karon tafin ya yi ƙarfi. Shehi yana gefe, mai gadi ya riƙe masa kula, yana gaya wa duk wanda ya matso cewa ba don shi ba da ba ta samu ba. Matarsa ta ce wannan ita ce gaskiya ta farko da ya faɗa tun da aka fara.

Jami'a ta umarce shi ya sake buga duk kundin da ya taɓa, ya cire kansa daga ciki layi-layi, kuma ya yi makonni yana wannan aikin da zazzaɓi. Auta kuwa, da ta ji yadda aka yi layin ya kamu, sai ta zo da abokan aikinta sanye da takunkumi. Suka auna shagon, suka duba tagar da tsumman ƙasan ƙofa, suka yi wa mutane tambayoyi, suka ɗauki samfuri ta hanyar da ta dace. Ta ce ba ta taɓa samun misali mai tsabta irin wannan ba, na yadda mutum ɗaya da ɗaki ɗaya za su kwantar da unguwa. Maƙalar da suka rubuta ta fito a wata babbar mujallar kimiyya, kuma ba a jima ba ta fi duk ayyukanta na baya samun ambato.

Shehi ya sa aka fassara masa ita daga farko har ƙarshe. A kowane shafi yana ciki: yadda ya rufe taga, yadda ya matso da fuska, yadda ya tara shaidu. Sai dai ko'ina an rubuta shi ne da Mutum na Ɗaya. Ya tafi har ofishinta ya nemi a gyara, a sa cikakken sunansa, in da hali da hoto. Ta ce dokar bincike ta hana a bayyana sunan marar lafiya, don kare mutuncinsa. Ya ce ya yafe mutuncin. Ta ce ba a yafewa.

Ya dawo benci da kwafin maƙalar, ya ja layi a ƙarƙashin kowane Mutum na Ɗaya, ya ce duniya ta gama ambatonsa, wanda bai yarda ba ya ƙirga. Mai aski ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce shi bai ga suna ba. Tela ya gyara zama ya ce, in dai gaskiya za a bi, kowa a layin nan ya san shi ya fara kwanciya, saboda haka Mutum na Ɗayan nan yana jin shi ne.

Shehi ya miƙe tsaye, ya kira Auta a waya, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ce ta gaya wa mutanen nan tsakaninta da Allah wane ne ya sa wa unguwar nan mura.

“Yaya, na ce maka doka ta hana in faɗa,” in ji ta. “Ka gaida min da tela.”